Zuwa Gambiya kallon tsuntsaye da abokai: Abubuwan da ya kamata ka sani

Duk shekara, da zarar sanyi ya kankama a Turai, jirage kan riƙa sauke mutane a filin jirgin Banjul da ke Yundum, kowa da madubin hangen nesa rataye a wuya da littafi a aljihu. Tsuntsu ne ya kawo su. A wajenmu kuwa, idan ka ce za ka biya kuɗin jirgi don ka je ka tsaya kallon tsuntsu, sai an dube ka sau biyu. Amma abin ya fara shiga ran matasanmu, musamman waɗanda suka ratsa ta cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke kusa da Jos, da waɗanda suka tashi a bakin fadamun Hadeja da Nguru. Ga mutumin Afirka ta Yamma da ke son ya haɗa abokai su fita waje, ban ga ƙasar da ta fi Gambiya dacewa a fara da ita ba. Sai dai irin wannan tafiya tana da ƙa'idodinta, kuma yawancin abin da ke ɓata ta tun daga gida ake tafiya da shi.

Me ya sa Gambiya?

Ita ce ƙasa mafi ƙanƙanta a doron nahiyar Afirka. Girmanta kusan murabba'in kilomita 11,300 ne, wato ta ɗan haura rabin Jihar Kano, kuma a inda ta fi faɗi ma ba ta kai kilomita 50 ba. Senegal ta kewaye ta ta ko'ina in ban da bakin teku. Duk da haka an ga nau'in tsuntsaye sama da 550 a cikinta. Nijeriya, wadda ta ninka ta wajen sau 80, tana da sama da 900.

Kogin Gambiya ne sirrin. Daga tsaunukan Futa Jalon a Gini yake tasowa, ya ratsa tsakiyar ƙasar har ya faɗa Tekun Atlantika. A gefensa akwai itatuwan da ke tsirowa cikin ruwan gishiri, akwai fadamun shinkafa, akwai ragowar kurmi mai duhu, sannan can gabas akwai daji irin namu mai kuka da ƙirya da gawo. Kowane irin wuri da tsuntsayensa, kuma duka suna kusa da juna. Da safe kana cikin kurmi, da la'asar kana bakin teku.

Akwai kuma sauƙin zama. Turanci ne harshen hukuma, mafi yawan jama'a Musulmi ne, masallaci ba ya wuyar samu, kuma mai jin Fulatanci zai sami abokin hira kusan a kowane gari, ban da masu Mandinka da Wolof da Jola. Abinci ma ba baƙo ba ne: domoda miyar gyaɗa ce a kan shinkafa, benachin kuwa dafa-duka.

Wane lokaci ya fi?

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Damina takan ɗauke a Oktoba, saboda haka a Nuwamba ƙasa tana da sauran kore, tafkuna da ruwa, hanyoyi kuma sun bushe. A daidai wannan lokacin ne baƙin tsuntsaye daga Turai suke sauka.

Bahaushe ba baƙo ba ne ga ƙaurar tsuntsu. Kowa ya san shamuwa tana zuwa da damina, ta yi sheƙa a kan itatuwan gari, ta tafi idan ruwa ya ɗauke. Ita kudancin Afirka take nufa. Baƙin Turai kuwa 'yan ci-rani ne na sosai: idan ƙanƙara ta rufe musu abinci sai su ƙetare Bahar Rum da Sahara su yi watanni a nan, bazara ta yi su koma gida su yi ƙwai. Daga cikinsu akwai wani babban shaho mai cin kifi da Turawa ke kira osprey. Masu bincike a Rutland ta ƙasar Ingila sun ɗaura wa wasunsu na'urar da tauraron ɗan'adam ke bibiya, suka gan su suna yin kusan kilomita 5,000 zuwa gaɓar Senegal da Gambiya. 'Ya'yan da suka zo karon farko ma ba sa komawa sai sun kai wajen shekara biyu. Idan ka tsaya a bakin ruwa a Tanji ka ga ɗaya ya faɗo da ƙafafu gaba, ya tashi da kifi yana girgiza ruwa daga jikinsa, mai yiwuwa a Sikotilan ko Jamus aka ƙyanƙyashe shi.

Daga Disamba hazon hunturu kan rage hasken hoto wasu ranaku. Daga Maris kuma zafin gabashin ƙasar kan haura digiri 40, tsuntsu da mai kallonsa duk inuwa suke nema.

Ina da ina ake zuwa?

Kusan kowa daga gadar Kotu yake farawa, kusa da otal-otal na bakin teku. Ƙaramar gada ce a kan wata ƙorama da teku ke cikawa yana janyewa. Gari ba ya wayewa a can sai bayan ƙarfe bakwai a watan Disamba, agogonsu kuma yana bayan na Nijeriya da Nijar da awa ɗaya, don haka akwai lokacin yin sallar asuba da shan shayi a tsanake kafin a fita. Ka jingina da ƙarfen gadar ka dubi wayar lantarki da ke sama: akwai wani tsuntsu mai kamun kifi, fari da baƙi, da zai taso ya tsaya cak a iska yana kaɗa fukafukai a wuri ɗaya, baki a ƙasa, sai ya sulmiyo cikin ruwa. A kan laka zalɓe da balbela da zakaran ƙeƙuwa suna kiwo, ƙananan ƙaguwa suna rugawa cikin ramukansu. A safiya ɗaya sabon shiga zai iya cika shafi da sunaye bai yi tafiyar kirki ba.

Daga nan sai Abuko, gandun farko da ƙasar ta keɓe, a shekarar 1968. Bai da girma, amma kurmi ne na gaske a tsakiyar gidaje da gonaki. Akwai kadoji a tafkinsa da jajayen birai a saman itatuwa. Tsuntsun da ake zuwa nema a nan shi ne turako, mai launin shuɗi-shuɗi mai duhu da jan kai. Yana zaune cikin ganye ba ka ganinsa, sai ya buɗe fukafukai ka ga ja jawur ya gifta. A kurmi haƙuri ake yi, domin kunne ke riga ido.

Tanji kuwa gandu ne a bakin teku da aka kafa a 1993, dab da garin masunta inda ake sauke kifi ana banda shi. Can ƙarshen kudu, kusa da iyakar Senegal, akwai Kartong, inda ake kama tsuntsaye da raga mai laushi, a auna su, a sa musu zobe mai lamba a ƙafa, a sake su. Da irin wannan zoben ake gane inda tsuntsu ya fito da inda ya nufa.

Wanda ya tsaya a bakin teku kawai ya ga rabin ƙasar ne. Sai an hau kogi. A Tendaba ake kwana, a gefen kudu, kusa da gandun Kiang ta Yamma da aka kafa a 1987, inda ake sa ran ganin gaggafa tana shawagi, da burtu yana takawa cikin ciyawa. Daga Tendaba ake shiga kwalekwale mai inji a ƙetara zuwa Bao Bolong, dausayin da aka saka cikin jerin Ramsar na wurare masu muhimmanci a duniya a 1996. Wannan fitar ba agogonka ke tsara ta ba, cikowar teku ce, domin idan ruwa ya janye kwalekwale ba ya shiga ƙoramun. Idan aka shiga ciki matuƙi kan rage inji, rassa na shafar kafaɗarka ta dama da hagu, kowa ya yi tsit. A nan ne ake ganin zalɓe mafi girma a duniya, wanda tsayinsa kan kai mita ɗaya da rabi, da kwasa-kwasa, da wasu tsuntsayen da ba sa fitowa fili sai an dace.

Can gaba akwai Janjanbureh, garin da ke kan tsibiri, wanda a da ake kira Georgetown. Tun da aka buɗe gadar Senegambiya a Farafenni a Janairun 2019, ƙetara kogin a tsakiyar ƙasa ya yi sauƙi, ana iya hawa ta hanyar kudu a dawo ta arewa. A hanyar arewar, wajen Kaur, ake neman tsuntsun kada, ɗan ƙarami mai launin toka-toka da ruwan ƙasa da baƙin layi a ido da ƙirji. Tun zamanin Herodotus, marubucin tarihin Girka na dā, ake ba da labarin yana shiga bakin kada yana yi masa sakace, amma masana ba su tabbatar da hakan ba. Idan shi kuke so, ku zo a Nuwamba ko Disamba, domin yakan bar wurin idan rani ya yi nisa. A Wassu akwai tsofaffin duwatsun da aka kakkafa a da'ira, waɗanda UNESCO ta saka cikin kayan tarihin duniya a 2006, kuma a ramukan haƙar yashi na Wassu da Bansang tsuntsaye masu cin ƙudan zuma, kore da jan maƙogwaro, sun huda bangon ƙasa rami-rami sun yi gidaje. Masu yin mako biyu suna haɗa teku da kogi sukan haura nau'i 250.

Ɗan jagora

Kada ku ce za ku yi ba shi. Littafi zai nuna maka kamannin tsuntsu, amma ba zai gaya maka a wane reshe mujiya ta kwana jiya ba. Gambiya tana da 'yan jagora da wannan ce sana'arsu, da yawa a ƙarƙashin ƙungiyar masu kallon tsuntsaye ta ƙasar da ke da zama a gefen gadar Kotu. Wanda ya ƙware, mota na gudu zai ji kuka ya ce a tsaya.

Ku nemi mai katin shaida, domin a bakin teku akwai samari da yawa da za su ce su ma sun iya. Ku yi ciniki tun kafin a tashi, a rubuta: kuɗinsa na yini, mota da mai, kuɗin shiga gandu, kwalekwale, abincinsa da makwancinsa idan an hau kogi. A wurare irin su Brufut da Farasutu akwai masu gadin kurmi 'yan garin, su ne suka san inda tsuntsun dare ke kwance cikin busasshen ganye. Ku ba su haƙƙinsu da hannu sake. Kurmin da ke ciyar da mutanen gari ba a saurin sare shi.

Maganar da ya kamata abokai su gama tun a gida

Nan ne gizo ke saƙar. Mutanen da suka shekara goma suna zama a majalisa ɗaya za su iya ɓatawa a kwana uku cikin mota ɗaya, kuma ba don wani mugu ne a cikinsu ba. Abin da kowa ya zo nema ne ya bambanta. Akwai mai ƙirga, wanda burinsa ya ƙara sabon suna a jerinsa, da ya gani ya rubuta sai ya ce a wuce. Akwai mai kyamara, wanda zai yi rabin awa a gaban tsuntsu ɗaya yana jiran ya juyo haske ya faɗa a idonsa. Akwai kuma wanda ya biyo ku ne don zumunci da hutawa, ƙarfe tara ta yi ya fara tambayar ina za a karya. Dukkansu suna da gaskiya. Amma idan ba a faɗa a fili ba, mai ƙirga zai ga ana ɓata masa lokaci, mai kyamara zai ga ana kora shi, na ukun zai ga an kawo shi wahala.

Maganinsa a zauna kafin a sayi tikiti. Kowa ya faɗi tsuntsu biyu ko uku da ya fi so ya gani, a gina hanya a kansu. A amince da lokacin tashi. A ware tsakar rana, daga wajen sha ɗaya zuwa la'asar, don sallah da abinci da barci, tunda tsuntsayen ma a lokacin sun lafa. A bar yini ɗaya da babu tsari, wanda ke son kasuwar Serekunda ya tafi, wanda ke son komawa Abuko ya koma. A ganina mutum huɗu zuwa shida sun isa: mota ɗaya ta ɗauke su, kuɗin jagora ya rabu da sauƙi, kuma hayaniyarsu ba ta kori abin da suka zo gani ba.

Kuɗi kuma a yi asusu ɗaya, a naɗa ma'aji, yana rubuta duk abin da ya fita yana karanta wa kowa da dare. Kuɗin ƙasar dalasi ne, kuma idan an bar bakin teku tsabar kuɗi ake so a hannu. Idan akwai wanda aljihunsa bai kai na sauran ba, a daidaita masauki da ƙarfinsa tun farko, ba sai an je ya riƙa jin nauyin magana ba.

A fili ma akwai ladabi. Wanda ya fara ganin tsuntsu ba ya ɗaga murya, ba ya miƙa hannu da sauri. A hankali zai ce, “Malam, dubi giginyar nan ta tsakiya, reshen dama, ƙasa da 'ya'yan.” Ba a matsawa kusa sai kowa ya gani, sannan mai kyamara ya ɗan ƙara taku. A mota a riƙa musayar kujera, domin na gaba ya fi kowa gani. Kuma idan biyar sun gani ɗaya bai gani ba, a tsaya masa. Da dare a haɗu a bi jerin yini tare da jagora, abin da ba a tabbatar ba a bar shi ba a rubuta ba.

Takardu, lafiya da kaya

Gambiya tana cikin ECOWAS, kuma bisa yarjejeniyar 1979 ɗan ƙungiyar na iya shiga ba biza har kwana 90. Nijar ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025 tare da Mali da Burkina Faso, amma a lokacin ECOWAS ta ce a ci gaba da karɓar fasfonsu da barin su zirga-zirga har sai an sanar da wani abu dabam, don haka mutanen Maraɗi da Damagaram su tuntuɓi ofishin jakadanci kafin su biya kuɗin jirgi. Jirgin ya fi hanyar mota, ganin halin tsaro a wasu sassan Sahel. Ku riƙe katin rigakafin shawara, da maganin sauro da gidan sauro. A wajen Tendaba akwai ƙudan tsando, kuma baƙin kaya da shuɗi suke bi, saboda haka ku sa masu launin ƙasa, dogon hannu.

Kowa ya zo da madubinsa, domin karɓa-karɓa ba ta yiwuwa a kan tsuntsun da zai tashi cikin daƙiƙa biyar. Mai lamba 8x42 ya wadatar. Babban madubi mai ƙafa uku ɗaya ya ishi ayari, kuma sau da yawa jagora na da nasa. A littattafai akwai na Clive Barlow da Tim Wacher kan tsuntsayen Gambiya da Senegal, wanda ya fito a 1997, da na Nik Borrow da Ron Demey kan Afirka ta Yamma, wanda zai yi muku aiki har a gida. Kada a ɗaga madubi ko kyamara kusa da barikin soja ko shingen jami'an tsaro, kada kuma a ɗauki hoton matan da ke aiki a fadamar shinkafa ba a nemi izininsu ba.

Haƙƙin tsuntsun

Wasu kan kunna kukan tsuntsu a waya don ya fito. Yana fitowa kuwa, amma don ya zaci wani ne ya shigo masa yanki, ya bar abinci ko sheƙa ya zo faɗa. A wurin da ayari bayan ayari ke zuwa kullum, wannan cutarwa ce. Idan jagora ya kunna sau ɗaya bai fito ba, ku ce ya bari. Ba a jifan reshe don mujiya ta buɗe ido, ba a leƙa ramin sheƙa, ba a tayar da garken da ke hutawa a bakin ruwa don a sami hoton tashi. Wasu daga cikinsu yanzu suka gama ƙetare Sahara.

Abin da za ku gani can wanda ya yi wuya a gida

Ungulu. Wannan ne abin da ya fi taɓa ni a Gambiya, fiye da duk masu launi. Tana kan rufin gidaje, tana bakin teku wajen masunta, tana shawagi a kan Serekunda da yawanta. Duk wanda ya girma a Kano ko Zariya ko Katsina shekaru arba'in da suka wuce ya san haka mahautarmu take. Yau yaro zai iya gama sakandare bai taɓa ganin ungulu da idonsa ba. A 2015 hukumar kare halittu ta duniya, IUCN, ta saka wannan nau'in cikin waɗanda ke dab da ƙarewa, kuma babban dalili a yankinmu shi ne farautarta don sayar da kai da sauran sassan jiki ga masu tsibbu, sai kuma guba. A 2020 an kashe sama da 2,000 da guba a gabashin Gini Bisau, maƙwabciyar Senegal. Ungulu ita ke kwashe mushe kafin ya ruɓe ya jawo ƙuda da karnuka da cuta. Da muka rasa ta, ba wanda ya karɓi aikin.

Haka gauraka, mai tuntun zinariya a ka, wadda a da take yawo a fadamun arewa, aka yi ta kamawa ana kai wa gidajen masu hali har ta yi ƙaranci ƙwarai a Nijeriya. A Gambiya ana iya dacewa da ita a wasu fadamun shinkafa.

Baƙin Turan da kuka gani a Tanji da Kaur, 'yan'uwansu da yawa a Tafkin Nguru suke sauka, wurin farko da Nijeriya ta saka cikin jerin Ramsar a shekarar 2000, da gandun tsuntsayen ruwa na Dagona a Jihar Yobe. Akwai shirin taswirar tsuntsayen Nijeriya da APLORI ke jagoranta, wanda ya dogara da jerin da mutane irinku ke aikawa daga garuruwansu, akwai kuma manhajar eBird da ke karɓar jeri daga ko'ina. Idan kun dawo, kada ku jefa madubin a akwati sai baɗi. Ku fita bakin dam ko fadamar da ta fi kusa da ku, ku rubuta abin da kuka gani, ku aika, kuma duk inda kuka ga ungulu ku rubuta rana da wuri da adadinta.